Sai Rifkatu Ta Sauka

"Ɗauke tuwon nan, sai Rifkatu ta sauka," in ji Mama.

Jiya ke nan a gidanmu na Unguwar Shanu. Jirgin ƙanwata Rifkatu ya tashi daga Abuja, za ta koma bakin aikinta na nas a Landan. Tun muna yara haka Mama take, in nata yana kan hanya ba ta kai komai baki.

Na ce, "Haba Mama, tafiyar fa awa shida da rabi ce. Ga magani kina sha."

Ta yi dariya. "Shida da rabi kawai? Lokacin da marigayi babanku ke shiga mota a Kawo zuwa Kagoro, ba waya ba komai. Sai washegari direban ya leƙo ya ce ya sauke shi lafiya, sannan in ci."

Sai ta ƙara da cewa, "Tafiyarsa ta ƙarshe ce kawai ba direban da ya dawo mini da labari."

Na rufe tuwon, har nawa. Muka zauna muna jiran waya.

Ku fa, wa ke ƙin cin abinci in kuna hanya?