Hoton da Malam Haruna Ya Aika wa Innata

Duk wanda ya zauna a Agege ya san marigayi Malam Haruna Mai Hoto ba ya duban mutum da ido biyu. Kana yi masa sallama zai runtse ido ɗaya, ya karkata kai, ya ce, "Matsa hagu." Sai ka matsa sannan ya amsa sallamar. Liman ma bai tsira ba. Ranar wani ɗaurin aure ana tsakar addu'a aka ji murya daga baya: "Allah gafarta Malam, ɗan matsa hagu, rana ta cinye maka gemu." Wallahi Liman ya matsa! Sai da ya matsa ya tuna ko shi wane ne.

Ga shi da rowar latsawa. Tun zamanin fim ya saba, har aka zo zamanin kyamarar da za ka latsa sau dubu ba ta ce uffan ba, shi sau ɗaya yake latsawa. In abin bai yi masa ba, ko sau ɗayan ma ba za ka samu ba. Rana kuwa ya ce ta masu hoton fasfo ce. Shi sai dare.

Ni Tanko kun san ni, mai babbakar ganda a bayan mayanka. A nan ke nan. A ƙauyenmu can bayan Malumfashi kuwa, ni dillalin shanu ne. Ban tuna ranar da na haifi wannan ƙarya ba, na dai san na yi renonta shekara ashirin, har ta mallaki tirela biyu. Ita ta hana ni zuwa gida shekara bakwai, don mai tirela biyu ba ya sauka daga motar haya da leda ɗaya a hannu.

Rannan Ɗanjuma, direban da ke kawo shanu daga wajenmu, ya same ni a bakin wuta ya ce, "Inna ta aiko ni. Yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. Ta ce ka aiko mata da hotonka tun tana iya gani. Kuma na takarda, ba ta son na waya, wai da caji ya ƙare mutum ya ɓace."

"Yaushe za ka koma?"

"Nan da kwana goma."

Na ari farar babbar riga wurin wani Alhaji maƙwabcinmu, na haɗa da hula da agogon da ya daina tafiya tun bara, na nufi shagon Malam Haruna. A lokacin duk masu wanke hoto na unguwa waya ta kore su, shi kaɗai ya rage don taurin kai. Na faɗa masa komai, na je na tsaya gaban labulen nan nasa mai zanen jirgin sama, na turo ciki gaba.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Rigar wa?"

"Tawa mana."

"Taka? To me ya sa kake tsaye a cikinta kamar an kama ka da ita?"

"Malam Haruna, don Allah ka latsa kawai."

"In rigar kake so a ɗauka, cire ta ka rataye. Ta fi kyau ba kowa a ciki."

Na kusa yin kuka. Da ya ga haka ya ce in same shi ranar Asabar bayan isha'i a ƙofar mayanka, zai yi mini hoton da ba a taɓa yi wa ɗan ƙauyenmu ba. Wannan kam ya cika alkawari.

Na je na tarar da mota, da wata mata mai ɗinki daga Ikeja, da wata doguwar yarinya Bayarabiya da ake kira Sisi Ronke, irin waɗanda ake sa wa kaya a ɗauke su hoto don talla. An sa mata wata riga, ni dai a idona buhun shinkafa ne aka yi wa hannu, ga takalmi mai tsini kamar tsinken tsire. Ashe masu ɗinki har daga tsallaken gada suke zuwa neman Malam Haruna, saboda ba wanda ya kai shi iya wahalar da mutum a yi kyau.

Ya tsayar da Sisi a bakin shingen shanu. Ni kuma ya ɗora mini ƙahon saniya a ka, ya ɗaure da tsumma, ya ba ni fitila ya ce in ɗaga sama.

Na ce, "Ina cikin hoton dai ko?"

"Kai ne ginshiƙinsa."

Na ji daɗi, wawa. Awa biyu ina riƙe da fitila, sauron mayanka na cin ƙafata, waɗannan da suka ƙoshi da jinin shanu suka zo wurina wanke baki. Sisi ta murguɗa nan, ta langwaɓe can, ta gaji ta fara zaginsa da Yarabanci, shi kuma haifaffen Agege, yana mayar mata da wanda ya fi nata. Bai latsa ba. Can wani bajimi ya zuro kai ta shinge ya huro mata numfashi a wuya. Yarinya ta kwarma ihu, ta yi sama, takalmi ya yi nasa wuri. Ƙyas! Ya latsa.

Washegari na je gani. Ga Sisi a iska kamar aljana, ga idon bajimi yana walƙiya, mai ɗinki har rawa ta yi. Ni kuwa, can a lungu, gwiwar hannuna ce kawai ta fito.

"Malam Haruna, wannan zan aika wa Inna?"

"In dai ita ta haife ka, za ta gane."

Saura kwana huɗu. Na koma na roƙe shi da girman iyayensa. Ya ce to, in sa rigar Alhajin, tunda na nace, mu je Oshodi da dare. Ya tsayar da ni a kan dakalin tsakiyar titi ƙarƙashin gada, ya tsallaka ya tsuguna. Wai jira yake wata danfo, motar hayar nan ta Legas, mai fitila ɗaya ta zo ta haska mini rabin fuska. Mai fitila biyu ba ta yi masa ba. A Legas fa, inda rabin danfo ba su da fitilar ma sam!

Aka fara yayyafi. 'Yan tasha suka taru suna kallon mutum da babbar riga tsaye a tsakiyar titi ya turo ciki. Wani ƙato ya nufo ni yana cewa, "Aboki, lafiya?" Malam Haruna ya yi masa magana da Yarabanci, doguwa. Nan take ƙaton ya yi laushi, ya kori sauran, ya je ya sayo burodi ya ajiye a gabana daga nesa, yana girgiza kai. Na ce a raina, kai, yau na ga amfanin babbar riga. Sai daga baya na ji abin da ya faɗa masa: wai ni ɗan'uwansa ne, na taɓu, ina ganin kaina mai tirela biyu, dangi ke son hotona kafin a kai ni magani.

Daga ƙarshe ga danfo mai ido ɗayan ta taho a guje. Ta faɗa wani rami cike da ruwan kwata, ta yi mini wanka tun daga hula har agogo. Na tofar da abin da ya shiga bakina, na ƙwala masa kira: "Ka ɗauka?"

"A'a."

"Don me?"

"Ka ƙifta ido."

Jama'a, a daren nan na zagi Malam Haruna zagin da sai da na yi istigfari kwana uku. Rigar kuwa, har yau in muka haɗu da Alhaji a masallaci sai ya canja sahu.

Na haƙura. Na ce Ɗanjuma ya gaya wa Inna harkoki sun yi mini yawa. Ana gobe zai tafi, na fita aiki tun kafin asuba kamar kullum, da yagaggiyar singileti, na hura wuta, na jefa fata a kai ina juyawa da ƙarfe, hayaƙi na shiga idona. Ban san ina tunanin me ba, na ɗago kai. Ƙyas! Daga bayan tarin ƙahoni Malam Haruna ya miƙe yana kaɗe wando. Ashe tun tsakar dare yake tsugune a wurin.

"Kada ka kuskura ka wanke wannan!"

Ko waiwaye bai yi ba. Ya wanke shi, ƙato, ya sa a ambulan, ya kai wa Ɗanjuma da hannunsa ya ce ni na aiko. Kafin labari ya iske ni mota ta wuce Ibadan.

Kwana uku ina jiran abin da zai biyo baya. Ran na huɗu waya ta yi ƙara, lambar maƙwabcinmu na ƙauye.

"Tanko?"

"Na'am, Inna. Ina wuni? Ya jiki?"

"Na gan ka. Kai, ka tsufa! Wannan furfura duk taka ce?"

"Inna, ai ranar yarana ne ba su zo aiki ba, shi ne na ɗan taya..."

"Rufe mini baki. Shekara ashirin kana aiko mini da ganda. Wane irin dillalin shanu ne bai taɓa yin kuskure ya aiko da tsoka ba? Duk garin nan an sani, an dai bar ka ne kada ka ji kunya."

Na ji ƙarar takarda a hannunta, sannan ta ci gaba.

"An sha kawo mini hotunan jikoki, ba na ganin komai sai fari-fari. Amma wannan, bayanka baƙi ƙirin, wuta ta haske maka fuska, da na kawo shi kusa da ido sai ga ka. Har tabon goshinka na gani. Ka taho gida haka nan, ko da leda ɗaya ce."

Na tafi a satin. Kafin kaka ɗayan idon ma ya rufe.

Da na dawo na je shagon Malam Haruna da niyyar godiya, na shirya magana tun daga tashar Ojota. Ina farawa ya katse ni.

"Kai, kada ka ɗora mini abin da ban yi ba. Wutar na je ɗauka, kai ka shigo ka ɓata mini ita da wannan fuskar."

Ƙarya yake yi, Allah ya yafe masa. Ɗanjuma ya gaya mini sau biyu Malam Haruna yana zuwa tasha yana tambayarsa, tsohuwar nan me take iya gani, me ba ta iya gani.

Yau kwana arba'in da muka kai shi. Ya Allah, bawan nan naka ya wahalar da mu, ya tsayar da mu a ruwa, ya sa an ba mu sadakar burodi. Amma ya nuna wa wata tsohuwa ɗanta kafin duhu ya rufe ta. Ka gafarta masa, ka yalwata masa makwanci, kada ka bar shi a duhu ko na dare ɗaya. Amin.