Malam Issaka, Wanda Ya Ƙi Ɗibar Jinin Khalidu

"Ba ni ɗiba, Alhaji."

Haka Malam Issaka, mai ɗibar jini a wani ƙaramin asibiti a Malanville, ya faɗa wa mahaifina Alhaji Na-Allah, dillalin albasar da ko 'yan duwan, wato kwastan, ba sa ja da shi.

Shekara shida ke nan da aka dasa mini ƙodar wana Khalidu. Maganin da nake sha don kada jikina ya ƙi ta yana raunana garkuwar jiki, ƙwayar cuta kuma ta samu hanya. Shi ya sa duk wata ake auna jinina. Malam Issaka zai ɗiba, ya sa a akwatin ƙanƙara, ya bi shi har tasha, ya ja kunnen direban motar Kwatano: "Wanga ba kifin Garou ba ne. Kada ka zauna kai!"

Ran nan Baba ya ga na rame, sai ya jawo Khalidu asibiti.

"Jinin ɗiyata ya ƙare. Ga mai ƙodar nan, ƙato, kwano biyu yake ci. Ƙodar ai tashi ce, ɗebi nashi!"

Khalidu har ya naɗe hannun riga.

"Alhaji, ƙodar ta yi ƙaura," in ji Malam Issaka. "Inda take kwana, nan muke aunawa."

Ni na miƙa hannu. Baba ya ce karatu ya sa mini taurin kai. Na ce e, ya sa.

Bayan kwana tara sakamako ya zo: ƙwayar ta fara yawa. Likita ya rage mini magani, ƙodar ta tsira. Da jinin Khalidu aka aika, da takarda ta ce lafiyata ta fi ta bijimin noma, ni kuwa ina ta lalacewa.

Malam, kai ne ka huda hannuna sau saba'in da biyu ba ka taɓa kuskure jijiya ba. Kai ne mai gaskiya, ko a gaban mai rawani. Watan nan za ka ajiye aiki. Na gode, Allah ya saka maka. Masu gadon kujerarsa, ku koyi cewa a'a.

Amma ku sani ba kyauta ba ce. A lokacin Malam a gidan Baba yake haya. A satin da abin ya faru aka ce ya kwashe kayansa. Shekara huɗu ke nan yana zuwa aiki daga can garin Guéné a kan tsohon babur, Baba kuma har yau bai amsa gaisuwarsa ba.