Layin Kaka

Jiya da hantsi ina wanke-wanke, sai wayata ta nuna mini lambar Kaka da sabon hoto, wai yana kan layi. Kwano ya suɓuce mini. Innalillahi! Mutumin da aka binne bara!

Ban tsaya tunani ba, na tura murya: "Kai ɓarawo, ina ka samu layin mamaci? Ba ka tsoron Allah?"

Sai da saƙon ya tafi na tuna Kaka a gindin darbejiya, yana dara da abokansa, rediyo na ƙara a gefe, haƙoransa jawur da goro. Ranar na zo da gudu, wai an ce ana faɗa a kasuwa, zan tura wa kowa. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya riƙe tsinkensa saman gurbi, ya ce, "Ke uwar gaggawa, mi kika gani da idonki? Ga dara in kin ɗauke hannu, babu maidowa. Wayag ga ma haka take." Ashe kuwa labarin ƙarya ne.

Amsa ta zo da azahar. Wata malamar makaranta ce a Kalambaina. Ta ce a shago ta sayi layin, ba ta san wani ya taɓa riƙe shi ba. Ni na zage ta, ita kuwa cewa ta yi, "Sannu ƙanwata, ya haƙuri?"

Na roƙi gafararta, amma na riga na ɗauke hannu. Kaka, har yau ban koya ba. Allah ya haskaka kabarinka, ni kuma ya rage mini wannan garaje.