Madarar da Na Kai Gidan Surukai

Shekarar da na kai kayan azumi gidan su yarinyar da nake nema, ina aikin kafinta a unguwar Anloga, kaina kuma cike da littattafan soyayya da fatake ke shigowa da su daga Kano. A cikinsu saurayi kan cika bayan mota da kaya, budurwa ta leƙo ta taga zuciyarta na harbawa. Ni ba ni da mota, sai na ƙera akwati da hannuna, na goge shi har yana ɗaukar ido, na sassaƙa fure a murfinsa. Na sayi sukari da ganyen shayi da dabino da madarar gwangwani sabuwa fil, na jera, na ajiye a ɗakin Mma, mahaifiyata, kafin ranar kaiwa.

Mma tana da tebur a bakin titi a Sofoline, tana sayar da madara da sabulu da tumatirin gwangwani. A wurinta abinci ba ya lalacewa sai hanci ya shaida. Tuwon jiya ɗumame ne, ƙanzo a jiƙa shi, burodin da ya fara fumfuna a yanke gefen a ci sauran. Kwanan watan da ake bugawa a gindin gwangwani kuwa, takan ce dabarar masu kamfani ce don a zubar a sake saye. Akwai wata madara da ta daɗe a ƙarƙashin gadonta, don masu sayen da suka yi boko sukan juya gwangwanin su mayar mata. Da ta ga tawa iri ɗaya ce, sai ta kwashe sabuwar ta kai tebur, ta goge tsohuwar da tsumma, ta jera mini a akwati. Haka take yi da hajarta kullum, tsoho ne ke fara fita, kuma a ganinta abin bai kai a faɗa mini ba.

Gwaggona ce ta kai kayan unguwarsu, Moshi Zango. Ta dawo tana ba da labarin yadda mata suka yi ta shafa furen akwatin. Kwana biyu ina tafiya kamar ba na taka ƙasa. Har launin labulen ɗakinmu na zaɓa.

Rana ta uku da la'asar sai ga yayar yarinyar a rumfarmu. Ma'aikaciyar jinya ce, mai magana a hankali. Ta ajiye jaka a kan katako, ta ciro gwangwani ɗaya, ta juyo mini gindinsa. Wa'adinsa ya wuce da wata bakwai. Ta ce ba ta lura ba sai da aka raba wa maƙwabta rabin kayan, kamar yadda aka saba yi da kayan suruki. Dole suka bi gida gida suna karɓowa. Mahaifinsu malami ne mai makarantar Islamiyya, kuma gidan limamin unguwa na cikin gidajen da aka shiga.

"Malam kafinta," in ji ta, "da sukari kaɗai ka kawo, da mun gode. Wa ya sayar maka da wannan? Baaba yana so ya sani, ko cutar ka aka yi."

Ina ganin tsatsar da ke bakin gwangwanin na san daga inda ya fito. Da na ce wani mai shago ne, cewa za ta yi in kai ta wurinsa. Da na faɗi gaskiya kuma, da Mma ta zama matar da za a riƙa nunawa da baki a kowane suna da biki a Zango. Sai na ce ni na saya, na ga da araha.

Ta mayar da gwangwanin cikin jakar. Sannan ta ce to, ta bar mini jakar ta tafi.

Bayan an sha ruwa na zube gwangwanayen a gaban Mma, na gaya mata abin da ya faru. Ta huda ɗaya da wuƙa, ta sunsuna, ta ɗanɗana a yatsa.

"Lafiyarta lau," in ji ta. "Ɗan nan, mutanen da za su zubar da madara saboda rubutu, su ne za su riƙe maka gida?"

Amma sai ta miƙe tsaye. Ta jawo mayafi za ta je ta ce ita ce, na tsaya a bakin ƙofa na hana. Ta koma ta zauna, mayafin a cinyarta.

Ba wanda ya taɓa cewa an fasa. Yarinyar dai ta daina ɗaga wayata. Saƙo ɗaya ta turo, ta ce madarar ba ta dame ta ba, maganar arahar ce take kwana da ita. Na rubuta amsa mai tsawo, irin wadda a littafi takan sa budurwa kuka ta dawo, amma duk inda na bi sai na ga ta biyo ta kan Mma. Na goge. Bayan babbar sallah aka ɗaura mata aure da wani mai shagon yadi.

Madarar kuwa mu muka shanye ta a koko, azumin nan kaf, ko ciwon ciki ba wanda ya yi.

Yanzu gwiwa ta hana Mma zaman tebur, ni nake mata cefane. Wani lokaci ina jera mata kaya sai ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago kai ba, yaushe zan kawo mata suruka. Nakan ce ana nan ana nema. Ita da ni duk mun san ban sake neman kowa ba.