Rabin Burodin Mai Tsaron Gada

Shekara arba'in da ɗoriya ina haƙa kabari a garinmu, can gefen Maijirgi. Noma ne sana'ata, amma in an yi rasuwa ƙofata ake fara bugawa, don ni na san yashinmu, na san inda yake riƙewa da inda yake zubowa kan mai haƙa. Na fara da wannan ne don a san irin tsohon da ya zauna gaban tele, wato talabijin, a Tasawa yana karkashe mutane har da ƙyaƙyata dariya.

Jaki ne ya kai ni. Ina bisa amalanke da damman gero, sai na miƙe tsaye don wasu mata da ke dawowa daga rijiya su ga har yanzu da saurana. Jakin bai goyi bayana ba. Gero ya isa gida, ni ban isa ba. Ƙafar dama ta karye wuri biyu. Na ce a kira mai ɗori, autata da ke aure a Tasawa ta ce ba ta yarda ba. Aka kwashe ni zuwa likita, suka naɗe ƙafar da farin simintinsu, suka ce sati shida ban taka ƙasa.

Mijin autar ma'aikacin gwamnati ne, kuma kunya gare shi kamar amarya. Tun da ya auri ɗiyata bai taɓa cin abinci gabana ba. Ga shi an shimfiɗe ni tsakiyar ɗakin zamansa, ba ni tashi sai an ɗaga. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Na lura duk ranar Asabar yana shigowa, ya gaishe ni, ya saci kallon wani baƙin akwatin wasa da ke ƙarƙashin tele, ya fita yana ajiyar zuciya. Asabar ta biyu na ce masa, "Malam, kunna abinka. Ɗauke ni bango."

Ya kunna. Wallahi na manta da ƙafa.

Na ga ciyawa tana kwanciya in iska ta taso, kowane tsiro da irin rawarsa. Na ga kogi, ni da babban ruwan da na sani shi ne tabkin damina, kogi mai tafiya, ana hango duwatsun ƙasansa, hasken rana yana farfashewa a kansa. Aka yi ruwan sama, rigar mutumin da ke cikin wasan ta jiƙe ta manne masa a baya, ya ɗaga kafaɗa kamar yadda kowa ke yi in sanyi ya taɓa wuyansa. Na ce, "Malam, a wace ƙasa aka ɗauko wannan?" Ya ce ba ɗauka aka yi ba, zanawa aka yi, ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya zauna ya zana yadda jiƙaƙƙiyar riga ke manne wa baya! Ni da ko jaki na zana a ƙasa sai an tambaye ni ko tukunya ce.

Faransanci suke yi a ciki, ni kuwa shekarata biyu a lakwal, makarantar boko, na tsere, don haka auta ce ta warware mini labarin. Wasu masu bindiga sun tare kogi da katanga, garin mutumin yana mutuwa da ƙishi, shi ne ya bar tsohuwarsa ya kama hanya zai je ya buɗe ruwa. Wasan kuma kashi biyu ne. Wani lokaci akwatin yana karɓe ragama ya nuna maka mutumin kamar a fim: yana magana a hankali, yana tuna uwarsa, har na ga ya ɗauki ɗan tsuntsun da ya faɗo ya mayar sheƙa. Wani lokaci kuma a sakar maka shi, ka juya shi da wani abu mai maɓallai da suke kira manet.

Da maigidan ya tafi biro wurin aikinsa ranar Litinin, na sa auta ta kunna mini. Kwana uku ina dukan bango da goshin bawan Allah. Na jefa shi kogi ya fi sau goma. Babban yatsana da fartanya ta busar ba ya jin maɓalli sai ya danne biyu. Amma akwai ɗaya a ƙarƙashin manuniya wanda bai ba ni wahala ba ko kaɗan, shi ne na harbi. Kafin sati ya zagayo na zama annoba.

Wata rana kafin azahar auta ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta tsaya kaina.

"Baba, kai ne ke wannan dariya?"

"Wace dariya?"

"Tun daga murhu nake jin ka. Kai da ko kaza za a yanka sai ka juya baya. Nawa ka kashe yau?"

Na ce ban ƙirga ba. Ƙarya nake, talatin da ɗaya ne. Da ta koma sai lissafin ya hau kaina. Kabari ɗaya a yashinmu, mu huɗu muke cinye rabin safiya a kansa. Sai an auna mamaci da karan dawa, a kawo mana karan, mu shimfiɗa shi a ƙasa mu ja layi. A haƙa uwar rami, a haƙa ƴar ciki, a nemo itacen rufi, a kwaɓa ƙasa. Talatin da ɗaya kuwa, ai ko garin duka ya fito sai an kwana biyu. Na juya mutumina baya don in ga inda suka faɗi. Babu kowa. Ciyawa ta miƙe abinta, ko ɗigon jini babu. Abin da ya tsorata ni ke nan, ba harbin ba.

Ranar Asabar na tayar da maganar. Surukina ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, wasa ne. In babu faɗa ba wanda zai zauna. Labarin shi ne tuwo, faɗan shi ne miya."

Auta ta ce, "Wace miya? Mutumin nan munafuki ne. A fim yana kukan tsuntsu, a hannunku yana share gari. Wanne ne shi? Ni tun da na ga haka na daina tausayinsa."

Ya ce, "Ai tilas ce ta sa shi."

"Tilas ce ta sa Baba dariya?"

Na ce su bar ni da ciwon ƙafata. Amma maganarta ta zauna mini. Na san maza da suka yi soja suka dawo gari, na haƙa ramin biyu daga cikinsu. Ɗaya har ya mutu ba ya zama ya ba ƙofa baya. Wanda ya zubar da jini ana gani a zamansa, a cin abincinsa. Shi wannan nawa yana kashe talatin, fim ya zo, fuskarsa sumul kamar ya fito daga wanka.

A sati na biyar na iso wata gadar katako. Mutum ɗaya ke tsaronta, yana zaune bisa akwati, bindiga a cinya. Na ɓoye mutumina cikin ciyawa, na ɗaga bindiga, sai ƙafata ta hau ƙaiƙayi cikin siminti. Na ajiye manet na nemi tsinke. Ina susa ina kallo, don ba abin da zan yi. Sai mai tsaron ya sa hannu cikin riga ya fiddo burodi a ƙunshe cikin tsumma. Ya raba biyu. Ya ci rabi a hankali, har yana tsince ɓarɓashi daga gwiwarsa. Ya ɗaga ɗaya rabin, ya dube shi, ya mayar cikin tsumman, ya ƙulle, ya tura cikin riga ya dafa wurin.

Na san wannan dafawar. Haka nake yi da ƙosai in na je kasuwar Urafane, lokacin auta ba ta fi tsayin turmi ba. Mutum ba ya duban abinci haka in don kansa ya ajiye. Tsaraba ce. Akwai mai jiransa.

Na kira auta na nuna mata, muka jira ya sake. Ta ce, "Baba, zane ne fa." Na ce na sani, amma wanda ya zana shi ya san abin da na sani. Da surukina ya dawo na tambaye shi yadda ake wuce gadar ba a taɓa mutumin ba. Ya ce sau uku yana gama wasan nan, kullum harbe shi yake daga nesa, bai ma taɓa sanin yana cin wani abu ba. Ya ce a ganinsa babu wata hanya.

Saura kwana shida a fasa simintin, daga nan babban ɗana zai zo ya maida ni gida, inda ba tele ba kuran, wato wutar lantarki. Na ƙudura ba zan bar Tasawa ba sai na ƙetare gadar nan mai burodi yana numfashi.

Na sha kashi. Na bi ta sama a guje, ya harbe ni. Na rarrafa, katako ya yi ƙara, ya harbe ni. Na jefa dutse don ya waiwaya, dutsen ya sauka kan ƙafar mutumina. Na nemi maɓallin sallama, in ce masa salamu alaikum, ɗan'uwa, wucewa zan yi. Duk maɓallan nan goma sha, na duka, na sara, na tsalle, babu na gaisuwa ko ɗaya. Sau biyu kuma, in faɗi gaskiya, da ya juyo kaina yatsana ya riga ni. Ya faɗi, hannunsa a kan ƙirji. Na sa auta ta maido wasan baya, ya tashi ya koma kan akwatinsa, amma ranar ban iya cin tuwon rana ba. Ta ce, "Tsoho, za ka sa a ce ina barin ka da yunwa saboda ɗan tele." Daga nan na naɗe manuniyata da tsumma don kada ta kai ga maɓallin.

Asabar ta ƙarshe surukina yana zaune can bakin ƙofa, ni ina fama. Garin ja da baya na sake jefa mutumina kogi, kamar yadda na saba. Amma wannan karon kusa da gindin gadar na faɗa, sai na ga hannunsa ya kama wani ƙarfe a ƙarƙashin katakon. Akwai wani a gabansa, da wani. An jera su tun daga wannan gaɓa har waccan. Wani ne ya sa su nan, ya ɓoye, ya yi shiru, yana jiran ranar da za a samu wanda bai son harbi.

"Baba, a hankali," in ji surukina. Ban san sanda ya taso ba, sai jin gwiwarsa na yi a jikin tawa. "Hagu. Hagu, Baba! Kai, tsaya, yana tafiya a kanka!"

Ta tsakanin katako muna ganin tafin takalmin mai tsaron, ƙura tana zubowa kan fuskar mutumina. Auta ma ta fito ta tsaya kanmu, miyarta tana ƙonewa a madafa. Takalmin ya wuce. Na kama ƙarfe na gaba, da na gabansa, har ƙafar mutumina ta taɓa laka a ɗaya gaɓar.

Sai akwatin ya karɓe ragama. Mutumin ya durƙusa bakin ruwa yana wanke hannu, yana magana ƙasa-ƙasa. Na ce a fassara mini. Surukina ya ce roƙo yake a yafe masa jinin da ya zubar a gadar nan. Ya ce kalmomin da yake faɗa ke nan kullum, ko harafi bai canza ba. Auta ta tafa hannu ta ce, "Kun gani? Ko bai kashe ba sai ya yi kukan ƙarya." Ni ma abin ya sosa mini rai, kwana shida ina wahala labarin bai ma san na yi ba.

Da aka sakar mini shi, hanya tana gaba, katangar ruwan har ana hango ta. Ban bi ba. Na juya shi, na kwantar da shi cikin ciyawa yana fuskantar gada. Surukina ya ce, "Baba, ba abin da ya rage a nan." Na ce a dai bar ni.

Mun daɗe. Hasken cikin wasan ya yi ja, tsuntsaye suka taso daga kogi. Sai ga wani mai bindiga ya gangaro daga tudu. Suka yi magana biyu, mai burodi ya miƙe, ya miƙa bayansa har na ji kamar nawa ne ya yi ƙara, ya rataya bindiga ya kama wata ƴar siririyar hanya. Surukina ya ce, "La'ilaha illallahu. Shekara biyu ina da wasan nan." Auta ta matso kusa da tele, ludayin yana hannunta.

Mai burodi ya hau tudun a hankali, tafiyar wanda ya wuni zaune. A sama akwai katangar dutse da ƴar ƙofa, hayaƙi yana tashi a bayanta. Da ya kusa sai ya sa hannu cikin riga ya fiddo ƙunshin. Ƙofar ta buɗe daga ciki kafin ya taɓa ta, ya sunkuya ƙasa sosai, ya shiga.