Baba Fannami da Wandon da Na Warware

Idan aka idar da sallar Asuba a unguwarmu, wasu kan koma su ɗan kishingiɗa. Baba Fannami kuwa tsintsiya yake ɗauka. Zai share filin bayan gidansa, ya yayyafa ruwa, sannan ya bi ƙarafansa ɗaya bayan ɗaya yana dubawa. Ƙarafan ma na me? Bututun famfo ne, da siminti da ya zuba a gwangwanayen fenti ya daskare, kowanne ya rubuta nauyinsa a jiki. Kafin rana ta ɗaga, 'yan dako da masunta da 'yan acaɓa sun cika wurin, suna ɗaga ƙarfe don motsa jiki. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana wannan aiki a Haɗeja. Bana gwiwa ta ce masa ya isa, zai miƙa filin ga Fatihu, wanda ya fi kowa daɗewa a hannunsa. Shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro.

Sunana Nu'uman, tela ne ni, kuma ba zan ɓoye ba: a da kallon zaman banza nake yi wa filin nan. Ƙato da gemunsa ya saɓa ƙarfe ya tsugunna ya miƙe, ya sake tsugunnawa, ba gona ba, ba kasuwa ba? Masunta sun sha ba ni labarin yadda Baba Fannami ya fatattaki wani mai tallan ƙwayar ƙara ƙwanji har bakin titi. Hajo mai ƙosai ta ce bayanta ya daina ciwo tun da ya nuna mata yadda ake ɗaukar jarka daga ƙasa. Duk ina jin su ne kawai, ina taka kekena.

Sai bara babur ya kayar da ƙanena Tasi'u, cinyarsa ta hagu ta karye. Tasi'u ɗan dako ne a bakin ruwa a Auyo, yana sauke buhunan shinkafa daga kwalekwale, da haka yake ciyar da yara biyar. Wata huɗu yana kwance. Da ƙashi ya haɗu, likita ya ce ya fara motsa ƙafar, na zo ɗinka masa wando. Na auna dama, inci ashirin da biyu. Na auna hagu, goma sha takwas.  A ɓoye na tsuke ƙafar wandon ta hagu don kada ta riƙa lilo mutane su gani.

Sarkin dako bai yi masa ɓoye-ɓoye ba. Ya ce, "Ranar da aka fara yankan shinkafa ka zo. In ka tashi da buhu daga tsugune, gurbinka yana nan. In ka kasa, sai haƙuri." Saura wata uku a lokacin.

Tasi'u ya kai kansa filin, Baba Fannami ya karɓe shi. Bai ba shi ƙarfe ba ma tukuna. Turmi ya kifa, ya ce ya zauna ya tashi, ya zauna ya tashi. Daga nan sai bututu ba komai a jiki, sannan ƙananan gwangwanaye. Ni kuma duk Juma'a bayan masallaci sai in zaro tef in auna cinyar. Mako shida, tef yana nan a sha takwas da ɗan ɗigo. Kowane awo sai in ja tsaki, Tasi'u ya sunkuyar da kai. A mako na bakwai ya ƙi fita kwana uku.

Na tafi filin a fusace, na ja shi muka je tare. Na ce, "Baba, da girmanka! Yaro yana ta wahala, ko inci ɗaya bai ƙaru ba. Ga tef, ai ba ya ƙarya."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Tela, taka cinyar inci nawa ce?"

Na ce, "Ashirin da shida."

"Ma sha Allah! To bismilla, kilo hamsin ne kacal."

Girman kai ya hana ni ƙi. Aka ɗora mini bututun a kafaɗa, na tsugunna lafiya lau. Tashin ne ya gagara. Na yunƙura, na yi nishi, sai ji na yi ɓaaar, wandona ya yage ta baya. Wandon tela guda! Fatihu ne ya ɗauke mini ƙarfen, yana cije leɓe don kada ya yi dariya. Sannan Baba ya yafito Tasi'u. Da cinyar nan tasa ta sha takwas ya saɓa ƙarfen, ya tsugunna ya miƙe sau biyar a gabana.

Baba bai yi mini dariya ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Ya ce, "Tef ɗinka nama da kitse da ƙashi yake haɗawa ya auna. Ban ce kaurin cinya banza ba ne. In mutum biyu sun horu daidai, mai kaurin nama yakan fi tashi da nauyi. Amma ƙarfi yakan riga nama dawowa. Jiki sai ya fara koyon aiki da ɗan naman da ya rage masa, daga baya sabo ya biyo. Ƙafar yaron nan tana warkewa, kai ne kake karya masa zuciya duk Juma'a. Ka mayar da tef ɗinka shago."

Wallahi kunyar maganar ta fi ta wandon. Ban sake auna shi ba.

Ranar yankan shinkafa, Baba Fannami ya hau bayan babur ɗina da gwiwarsa mai ciwo har Auyo. Aka ɗora wa Tasi'u buhun shinkafa shanshera, wadda ba a cashe ba, yana tsugune a bakin kwalekwale. Ya yunƙura, ƙafar hagu ta hau karkarwa, ya tsaya a rabin hanya. Na runtse ido. Sai na ji muryar Baba: "Diddige, Tasi'u! Taka da diddige!" Da na buɗe ido yana tsaye, har ya fara takawa zuwa mota. Sarkin dako ya ce, "Na gaba!" Ni kuwa na juya baya na share hawaye da hulata.

Baba Fannami, kai ne ka ga ƙarfi a ƙafar da ni ɗan'uwansa na fitar da rai da ita. Kai ne ka kunyata ni a gaban jama'a, kuma har gobe ina gode maka. Ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, amma akwai gidaje a garin nan da ake ɗora tukunya saboda turminka da gwangwanayenka. Allah ya saka maka da alheri, ya sassauta maka gwiwar nan. Fatihu, ka riƙe filin yadda ka same shi. Mu kuma masu jinyar 'yan'uwa, mu koyi haƙurinsa, mu daina yanke wa mutum hukunci da abin da ido ya gani.

Watanni biyu bayan girbi, Tasi'u ya shigo shagona da wandon nan a leda. Ya ce, "Yaya, ƙafar hagu ta matse ni." Na ɗauki reza na warware ɗinkin da na ɓoye masa. Shekara talatin ina ɗinki, ban taɓa warware aikina ina murna ba sai ranar.