Na Shiga Rijiyar Kufai Don In Ga Taurari Da Rana

Edita, sallama irin ta addinin Musulunci. Ina roƙon ka sakaya sunana da na ƙauyenmu, domin akwai waɗanda ya kamata su ji wannan magana daga bakina kafin su ji ta a bakin duniya.

A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da bakwai, ƙaramin akawu a wata ma'aikata a Dutse. Daga wani ƙauye na ƙasar Buji na fito, kuma ni ne na farko a gidanmu da ya taɓa zama kan kujerar gwamnati, saboda haka kaina ya kumbura fiye da hular da nake sawa. Ga ɗan boko, ga ɗan karatun addini da nake tsinta a wajen wa'azi bayan sallar magariba. Shekarun nan ne da maganar shari'a ta cika gari, kowane matashi ya zama mai ba da fatawa, ni kuwa har na fi kowa zaƙewa. Duk abin da na ga tsofaffi suna yi wanda ban gane dalilinsa ba, nan take sai in yanke masa hukunci in ce camfi ne ko shirka. Laifin ba na addini ba ne, nawa ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma a lokacin da wani ya faɗa min haka da mun yi faɗa.

A bayan wani littafin ofis na rubuta abubuwa goma da na ɗauki alkawarin sai na yi su kafin in yi aure in koma kamar kowa. Duk wanda na yi sai in soke shi da jan biro. Na hau duwatsun nan na cikin gari har ƙololuwa, na hau raƙumin wasu Buzaye ya kusa karya min ƙugu, na haye kogi a kan gora wajen Ringim masunta suna ta yi min dariya, na bi mafarauta daji kwana biyu ban kamo ko ɓera ba. Na je ɗiban zuma, na dawo da fuska kamar an hura balan-balan, sati guda ban je aiki ba. Abu na shida shi ne in sauka ƙasan rijiya mai zurfi da tsakar rana. Wani malaminmu ya taɓa gaya mana a aji cewa wanda yake can ƙasa, idan ya ɗaga kai, zai ga taurari ko da rana tana tsaka. Tun ina yaro maganar take raina.

Kusan duk waɗannan abubuwa tare da taubashina na yi su, ɗan gwaggona, wanda muka tashi ɗaki ɗaya. Shi manomi ne, bai wuce aji huɗu ba, ƙaƙƙarfa mai yawan dariya. Malam Jan Biro yake kirana, yana cewa duk wanda ya ci ya ƙoshi da albashi shi ne yake neman wahala da kuɗinsa. Amma bai taɓa barina na tafi ni kaɗai ba. Ya ce idan raƙumi ya kashe ni, dole a samu wanda zai ba da labari a yi dariya. A lokacin matarsa tana da cikin fari, wata bakwai.

Kusa da gonarsa akwai wani kufai, inda mutanen ƙauyenmu suka fara zama kafin su tashi su koma bakin hanya. Ba abin da ya rage sai tudun rusassun ɗakuna, da wata tsamiya, da tsohuwar rijiya gaba goma sha wani abu. Tun da aka haƙa mana burtsatse aka daina jan ruwanta, aka rufe bakinta da gumagumai da tsohon kwano saboda dabbobi. Ita na zaɓa, don ta fi kowace zurfi.

Taubashina ya nace sai mun fara zuwa wajen Baba mai yasa, dattijon da ya gaji haƙar rijiya da yashe ta daga kakanninsa. Muka same shi yana tufkar igiya a ƙofar gida. Da na faɗi buƙatata bai yi dariya ba. Ya ce rijiyar da ta daɗe a rufe tana da masu gida, ba a faɗa musu haka kawai. Sai an buɗe ta kwana uku ta yi numfashi, a ɗaura rassan darbejiya a igiya a yi ta zurawa ana jawowa, sannan a yi sallama a zura fitila a kunne. Idan ta isa ƙasa da wutarta, an ba da izini. Idan ta mutu a hanya, masu gida ba su yarda ba, ko uban wa ya faɗa ciki ba a shiga. Ni kuwa ina jin kalmar masu gida sai na miƙe zaune. Na shiga yi wa dattijon da a haife ya haifi ubana wa'azi, na ce neman izinin aljanu shirka ne, ya tuba tun kafin mutuwa ta riske shi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce shi dai haka ya tarar, kuma a gidansu ba a taɓa fito da gawar mai yasa daga rijiya ba. Ya ci gaba da tufkarsa.

Ranar Asabar da hantsi muka tafi mu biyu, ba wanda ya sani. Taubashina ya ɗauko igiyar shanunsa, sai da muka isa na ga ashe ya ɓoyo fitilar ƙwai a cikin buhu. Na yi masa tsiya har na gaji. Na ce ashe gardin da yake kayar da sa a gona tsoron tatsuniya yake ji, na tambaye shi ko ya taho wa masu gidan da goro. Ya ce shi dai a zura, ai ba a rasa komai ba. Na ce in ya kunna ta to ya zaɓa, ko ni ko Baba mai yasa. Ya dube ni, ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ajiye fitilar a gindin tsamiya.

Da muka janye gumaguman, abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Kurciyoyin da suke kuka a kan tsamiya suka yi tsit. Babu jemage ko ɗaya da ya tashi, babu sauro, ko yanar gizo-gizo babu daga gaba biyu zuwa ƙasa. Ni a wautata sai na ce rijiyar tana da tsabta. Wani wari ya taso kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ba mai ƙarfi ba. Muka ɗaure igiya a tsamiya, ɗaya bakin a ƙirjina, na jira rana ta daidaita a tsakar ka, na yi bisimilla na fara sauka ina taka ramukan da mahaƙa suka bari a jikin bango.

Tun ina jin zafin rana a ƙeyata har sanyi ya fara hawa ƙafafuna kamar mai shiga ruwa. Muryar taubashina tana ta yin nisa, yana tsokanata wai in gaishe masa da taurarin. Warin nan ya ɓace gaba ɗaya, na ji daɗi. Da na isa ƙasa na tarar ba ruwa, sai taɓo mai sanyi iya idon sawu. Igiyar tana matse min ƙirji, numfashina yana yin sama-sama, sai na ɗauka ita ce ta hana ni shaƙar iska. Na kwance ta. Na jingina da bango na ɗaga kai, na ga sama ta zama 'yar ƙarama kamar faifai, da kan taubashina a gefe.

Daga nan ne na fara jin daka. Dum, dum, dum, kamar mata biyu suna kirɓa a turmi ɗaya a bayan bangon, a wurin da na san babu komai sai ƙasa. Sai na ji a jikina ba ni kaɗai ba ne. Ban ga kowa ba, amma na san akwai wani a tsugune a gefen haguna, kusa ƙwarai, yana jira. Abin mamaki ban ji tsoro ba, wani barci mai daɗi ne yake jana. Na ji an kira ni da sunan da mahaifiyata kaɗai take kirana, ita da ta rasu ina aji uku, a hankali, irin kiran da take min idan tuwo ya sauka. Sannan na ga taurarin. Farare da jajaye, suna yawo, sun cika faifan nan har sun gangaro cikin rijiyar. Na buɗe baki in yi ihu in ce na gani, ban sani ba ko muryar ta fita. Daga baya wani likita a Dutse ya gaya min babu tauraron da na gani, haka idon mutum yake yi idan iska ta ƙare masa, dakan kuma bugun zuciyata ne. Na yarda da shi. Amma bai gaya min wanda ya kira sunan nan ba.

Na farfaɗo a gindin tsamiya, wasu Fulani makiyaya biyu suna yayyafa min ruwa, bayana duk ya kuje. Su suka ba da labarin abin da ya faru. Sun ji ihu suka rugo, suka tarar da taubashina ya jawo igiya ba kowa a jikinta. Ya ce musu ɗan'uwansa ne ya faɗa rijiya, su riƙe, in ya ce su ja su ja. Ya sauka da sauri, ya ɗaura min igiyar, ya yi kira sau ɗaya, suka jawo ni. Da suka mayar masa da igiyar, ba wanda ya kama ta.

Ɗayansu ya ruga ƙauye. Kafin azahar kufan ya cika da mutane, samari uku sun tuɓe riga za su shiga. Baba mai yasa ya tsaya a bakin rijiyar da sandarsa ya ce duk wanda ya matso sai ya fasa masa kai, gawa ɗaya ta ishi gari. Ya waiwaya yana neman fitila, sai idonsa ya faɗa kan wadda take gindin tsamiya, cike da kananzir, lagwaninta ko baƙi bai yi ba. Ya dube ta, ya dube ni. Ya kunna ya yi sallama ya zura. Ina kallo wutar ta yi ƙasa, ta koma shuɗiya, ta mutu tun ba ta kai rabi ba. Aka sassaro rassan darbejiya aka yi ta zurawa ana jawowa, ya sake kunnawa, ta sake mutuwa. Sau shida. Gwaggona tana durƙushe tana kiran sunan ɗanta a bakin ramin, rijiyar tana dawo mata da shi. Sai bayan la'asar fitilar ta isa ƙasa da wutarta, dattijon ya sauka da kansa. Da aka fito da taubashina babu ko ƙwarzane a jikinsa, kamar mai barci, sai taɓo a gwiwoyinsa inda ya durƙusa ya ɗaure ni.

Mutane suka riƙe maganar da ya faɗa wa Fulanin, cewa faɗawa na yi. Da aka tambaye ni, sai na ce mun buɗe ne mu duba ko akwai ruwan da zai yi lambu, gefen ya zabtare da ni. Kowa ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, aka yi ta mamakin yadda ban karye ba. Baba mai yasa ya san gaskiya, ya kuma tafi da ita kabarinsa bayan shekara huɗu. Ko sau ɗaya bai goranta min ba. Idan na gaishe shi amsawa yake da sakin fuska, wannan kuwa ya fi min duka ciwo.

Abin da na koya shi ne, dattijon nan da likitan nan magana ɗaya suka faɗa, kowa da harshen da ya gada. Ni da nake ganin na fi su duka sani, na tsaya faɗa da kalma na bar abin da take karewa. Ina kira ga matasa masu son gwada abubuwa, ban ce ku zauna a ɗaki ba, duniya a gani ce. Amma duk sana'ar da kuka shiga gonarta, ku bi dokar masu ita ko ba ku gane dalili ba, ku yi tambaya kafin ku yi fatawa. Kuma ku sani ba ranku kaɗai kuke sawa a faranti ba. Akwai wanda yake ƙaunarku har ba zai iya tsayawa a bakin rami yana kallo ba, shi ne zai biya.

Matar taubashina ta haifi mace, yanzu ta isa aure, ni ne kuma waliyyinta. Gwaggona ta tsufa, idonta ya tafi. Duk ranar da na je gaishe ta sai ta lalubo kaina ta shafa, ta ce ita ba ta yi asara ba, Allah ya karɓi ɗa ɗaya ya bar mata ɗaya, kuma ta gode da ɗanta ya cika a kan taimakon wanda ƙaddara ta faɗa wa. Shekara da shekaru ina cewa amin. Juma'ar nan zan je ƙauye in durƙusa a gabanta in gaya mata ba faɗawa na yi ba, da ƙafata na sauka. Ban san ko za ta sake shafa kaina ba. Ku taya ni da addu'a kada bakina ya mutu.